Ciwon Da Ba Ya Fitar Da Jini: Tiren Yashi Da Maganin Firgici



 Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Tun da farko muna neman afuwa, domin mu ba likitoci ba ne, ba mu kuma yi boko mai zurfi ba. Iyakarmu Islamiyya, daga nan sai kasuwa, muna sayen citta muna sayarwa. To amma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maganar da za mu yi yau maganar ɗakinmu ce.

Bayan haka, jama'a, duk wanda ya kai shekara hamsin a garin nan na Kafanchan ya san abin da idonsa ya gani. Kakannin da yawa daga cikinmu jirgin ƙasa ne ya kawo su, wasu kuwa tun kafin a shimfiɗa layin dogo suna wannan ƙasa ta Jama'a suna fatauci. A nan aka haife mu, a nan aka binne iyayenmu. Muna yara 'yan makaranta rikicin watan Maris na 1987 ya tashi daga Kwalejin Horon Malamai ta nan garin, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Muna fara kama sana'a aka yi na Zangon Kataf, a watan Fabrairu da watan Mayu na 1992. A watan Mayu na 1999 aka sake yin wani a nan kan naɗin sarauta. Sai kuma na watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda a cikinsa babbar kasuwarmu ta ƙone, aka yi asarar rayuka a nan da Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya sama da mutum 800 da suka mutu cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu sun daɗe zaune a sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wasu har yau ba su dawo ba.

Ba mu kawo wannan lissafi don mu tayar da tsohon miki ba, ba kuma don mu ɗora wa wani laifi ba. An kashe namu, an kashe na maƙwabtanmu Fantswam da Bajju da Atyap da Kaninkon da sauransu. An ƙona masallaci, an ƙona coci. Hawayen uwa iri ɗaya ne ko da wane harshe take kuka. Abin da muke so mu duba shi ne, bayan an binne matattu, an share toka, an sake kafa rumfa, me ya rage a zukatan waɗanda suka tsira?

Bari mu ba ku labarin wani abokin zamanmu a kasuwa. Ba za mu faɗi sunansa ba, don sirrinsa ne, kuma sai da ya yarda muka kawo labarin. Kafin 2011 mutumin nan shi ne mai raha a layinmu, ba ka zama kusa da shi ba ka yi dariya ba. A wannan rikici ya rasa shagonsa, ya rasa ƙaninsa. Bayan ƙura ta lafa 'yan uwa suka haɗa masa jari, ya koma sana'a. Kowa ya ce alhamdulillahi, ya warke. Ashe ba haka ba ne. Tayar babur ta fashe, sai ka ga mutum ya bar kaya ya ruga. Ana babbakar kan sa a mahauta, ƙauri ya bugi hancinsa, sai jiki ya ɗauki rawa. Iyalinsa ta gaya wa tamu cewa ba ya barci sai da takalmi a ƙafa. Akwai hanyar da shekara da shekaru bai bi ta ba, gara ya zagaya. Ya zama mai saurin fushi, yaransa suna jin sallamarsa sai kowa ya kama gabansa. In muka ce, "Malam, wai me ke damunka?" sai ya ce, "Ba komai, sai alheri." Mu kuma sai mu ce, "To, a yi ta haƙuri." Shi ke nan maganin da muka iya.

Wata rana bayan La'asar, ciniki ya yi sanyi, muna zaune a ƙofar shago. Sai muka ga ya ɗauki tsinken tsintsiya yana zane a ƙasa. Ya ja layi biyu, ya tsinci tsakuwa yana jerawa. Muka ce, "Me kake yi haka?" Ya ce, "Tsohon layinmu ne. Nan shagon wane, nan na wane, nan mai shayi yake zama." Ya ɗauki ƙwallon dabino ya ajiye a gefe ɗaya, ya yi shiru. Can sai ya ce, "Nan na bar shi. Na ce ya tsaya ya kulle shago, ni in je in duba gida." Sai hawaye. Wallahi jama'a, shekara da shekaru muna tare da mutumin nan, sai ran nan muka san cewa abin da ke cinsa shi ne yana ganin shi ya jawo mutuwar ƙaninsa. Abin da bakinsa ya kasa faɗi, hannunsa ya faɗa a kan ƙasa.

Da muka koma gida muka ba 'yarmu labari, ita ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "Baba, ai wannan abin da ya yi, akwai shi a fannin magani, har suna gare shi." Ita ta yi ta karanto mana tana fassarawa, kuma abin da muka fahimta shi muka kawo muku.

Da farko, shi wannan ciwo likitoci sun san shi. Firgici ne da ke zama a jikin mutum bayan ya ga abin tashin hankali. A shekarar 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi cikin kundin cututtukansu, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamominsa su ne waɗanda muka lissafa: abin ya riƙa dawo wa mutum a farke ko a mafarki kamar yanzu ake yi, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya kasance kullum a tsorace, ga rashin barci da saurin fushi. Ai mu ma muna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Yawancin mutane abin yakan lafa musu da kansa cikin 'yan makonni. Wanda nasa ya zarce wata guda yana hana shi sukuni, to shi ne mai buƙatar taimako. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da aka yi tashin hankali, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa, ko baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko wannan firgici. To kowa ya dubi sahun da yake zaune ya ƙirga.

Shi kuwa maganin tiren yashi, asalinsa daga wata likitar yara ce a Landan mai suna Margaret Lowenfeld. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ƙasar Polan, ta ga abin da yaƙi ke yi wa mutane. Ta buɗe ɗakin shan magani na yara a 1928, a 1929 kuma ta sa tire da yashi da ƙananan kayan wasa a ciki. Sai ta lura yaron da ya kasa faɗin damuwarsa yana gina ta a kan yashi. Daga baya wata mata 'yar ƙasar Suwizalan, Dora Kalff, almajirar masanin nan Carl Jung, ta je Landan a 1956 ta koya a wurinta, ta koma gida ta faɗaɗa abin, har ta riƙa yi wa manya. A 1985 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki. Akwai kuma wata mai suna Eva Pattis Zoja da ta sauƙaƙa tsarin don wuraren da bala'i ya auka kuma babu likitoci, inda ake horar da 'yan sa-kai su yi aikin ƙarƙashin kulawar ƙwararru. An yi haka a ƙasar Sin da Kolombiya da Afirka ta Kudu.

Yaya ake yi? Akwati ne na katako marar zurfi, tsawonsa kamar santimita 72, faɗinsa 57, zurfinsa 7, wato daidai yadda ido zai kalle shi gaba ɗaya ba sai an juya kai ba. Ana shafa wa cikinsa shuɗin fenti, don in mutum ya tone yashi ya ga kamar ruwa. Yawanci akan ajiye biyu, ɗaya busasshen yashi, ɗaya jiƙaƙƙe wanda za a iya cura shi. A gefe akwai kanta cike da ƙananan abubuwa: gidaje, itatuwa, motoci, dabbobi, mutane, shinge, gada, duwatsu. Mai magani zai ce wa mutum, "Ga yashi, ga kaya, gina abin da ranka ya ba ka." Sai ya koma gefe ya zauna yana kallo. Ba ya gyara masa, ba ya ce masa wannan bai yi kyau ba, ba ya gaggawar fassara masa. In mutum ya gama, in ya so ya yi bayani, in bai so ba a bar shi. Akan ɗauki hoton abin da ya gina, kuma ba a rushe shi a gabansa sai ya fita. Zaman bai cika wuce awa guda ba, a kuma dawo mako mai zuwa, a yi ta yi har tsawon watanni.

To mene ne amfanin wannan ga babban mutum mai gemu? Abu uku muka fahimta. Na ɗaya, abin tashin hankali ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar labari mai farko da ƙarshe. Yana zama ne gutsi-gutsi: ƙara, ƙauri, hoton wani abu. Shi ya sa in ka ce wa mutum ya faɗa, sai harshe ya ɗaure. Hannu kuwa yana iya ɗaukar dutse ya ajiye. Na biyu, abin da ke cikin ƙirji ya fi ƙarfin mutum, amma in ya fito ya zauna a cikin akwati, ya zama ƙarami, yana da iyaka ta kusurwa huɗu, mutum yana kallonsa daga sama. Na uku, ranar da abin ya faru ba shi da iko a kan komai, gudu kawai yake yi. A kan yashi kuwa shi ne mai iko. In ya so ya matsar, in ya so ya binne, in ya so ya gina gada inda da babu. Masu aikin sun ce sau da yawa ginin farko yakan zama hargitsi, sannu a hankali sai a ga an fara samun hanya da shinge da gida. Kuma duk wannan yana faruwa ne a gaban wani mutum amintacce wanda ba zai yi masa dariya ba, ba zai kai maganar waje ba.

Yanzu mun san abin da ke ran wasunku, don mun ga malamai suna kallon juna. Za a ce, "Kai Alhaji, wannan ba bugun ƙasa ba ne kuwa?" Tambaya ce mai kyau, mu ma ita muka fara yi. Mai bugun ƙasa shi ne yake zana yashi, ya ce zai gaya maka gaibu, ya ce wane ne ya yi maka asiri, kuma mun san hukuncin wannan tun muna Islamiyya. A nan kuwa marar lafiya ne da kansa yake taɓa yashin, abin da ya riga ya sani ne yake fitarwa, babu mai gaya masa abin da zai faru gobe, babu kiran aljani, babu yanka. Ai dattawanmu in ana rikicin iyakar gona, sanda suke sawa su zana a ƙasa kowa ya gani. Muna yin dara a ƙasa. 'Ya'yanmu mata suna tuwon ƙasa. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa zana layuka a ƙasa don ya fahimtar da sahabbai. Saura maganar mutum-mutumi. Wannan mun bar wa malamai su duba su ba mu fatawa, don ba fagenmu ba ne. Amma ko da an ce a guje su, aikin ba zai tsaya ba. Abokinmu da tsakuwa da ƙwallon dabino ya yi nasa. Ana iya amfani da kara, da marfin kwalba, da guntun katako, da ƙyalle. Shawararmu dai kada a sa wuri a ciki, don kada ya yi kama da kayan 'yan duba.

Za a kuma ce, ai mumini haƙuri aka san shi da shi, kuka rashin tawakkali ne. Jama'a, a yi hattara da wannan magana, ta rufe bakin mutane da yawa. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma ba a cire shi daga cikin masu haƙuri ba. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wanda ya karye a ƙafa yana addu'a, yana kuma zuwa wurin maɗori, babu mai ce masa ya rasa imani. To don me wanda ya karye a zuci za a ce ya yi shiru? An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma abin da ya daɗe a ciki yana ruɓewa, shi ne yake fitowa ta hawan jini, ta dukan iyali, ta sakin aure.

Sai dai mu 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwar kirki ba ya ɓoye aibin kayansa. Tiren yashi ba maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Binciken da aka yi a kansa ya fi yawa a wajen yara, na manya bai kai haka ƙarfi ba. Hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba cikin ƙa'idojinta na 2013 su ne zaman tattaunawa na musamman da ƙwararre, wanda ake bin abin da ya faru daki-daki ana gyara tunani, da wata hanya da ake haɗawa da motsa idanu. Saboda haka a ɗauki yashi a matsayin ƙofa ga wanda bakinsa ya kulle, ko mataimaki ga sauran magani. Na biyu, ba aikin kowa ba ne. Kada wani ya tashi daga nan ya je ya ɗebo yashi a rafi ya ce ya zama likita. Miki ne ake buɗewa, wanda bai iya ɗaurewa ba kada ya buɗe. Tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da ya gani ma yana iya ƙara masa ciwo. Na uku, wanda ya kai ga maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi, wannan asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Tun watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a mutunta shi. Sannan muna roƙon 'yan uwanmu masu kemis su ji tsoron Allah. Mutum ya zo ya ce ba ya barci, a miƙa masa ƙwayar barci ko taramol ba takardar likita, an ƙara masa ciwo na biyu a kan na farko.

Me ya sa muka damu da wannan magana har muka tsaya gabanku? Ku dubi shekarun nan da muka lissafa: 1987, 1992, 1999, 2011. Yaron da aka goya aka gudu da shi a wancan, shi ne saurayin da ya ɗauki makami a na gaba. Uban da bai warke ba, ko bai ce komai ba, ɗansa yana karanta tsoro da ƙiyayya a fuskarsa. Ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachiya da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma takarda tana ɗaure shugabanni ne, ba ta shiga ɗakin da mutum yake kwana da takalmi. Ku dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 ɗaya ya rasa hannunsa, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Sai da kowannensu ya yi fama da abin da ke zuciyarsa kafin su iya zama su sasanta wasu.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga ƙungiya. Na farko, mu daina kiran irin waɗannan bayin Allah mahaukata ko matsorata, mu kuma hana 'ya'yanmu tsokanarsu. Na biyu, a kafa ɗan kwamiti ya tuntuɓi likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam a Kaduna ko Jos ko Zariya, su zo su duba mana, su gaya mana abin da ya dace da mu. Na uku, ƙungiya ta ɗauki nauyin yara biyu masu natsuwa da riƙon sirri, namiji da mace, su yi karatun wannan fanni. Mace dole ce, domin zawarawan da aka kashe wa maza da iyayen da suka rasa 'ya'ya ba za su buɗe ciki ga namiji ba, kuma su ne suka fi kowa shiru. Na huɗu, a ware ɗaki guda mai sirri a ofishin ƙungiya. Akwatin kafinta zai yi shi a yini ɗaya, yashi kuwa Allah Ya hore mana. Abin da ke da tsada shi ne horon mutum, a nan ya kamata kuɗinmu ya tafi. Mu 'yan layin citta a shirye muke mu fara sa namu. Na biyar, in Allah Ya sa abin ya kankama, kada mu rufe ƙofa ga maƙwabtanmu da ba addininmu ɗaya ba. Tare muke cin kasuwa, kuma barcin maƙwabci yana cikin zaman lafiyarmu.

Shi kuwa abokin namu, tun daga ranar nan 'yarmu ta haɗa shi da likita a Kaduna, yana zuwa. Ba za mu ce ya warke sarai ba. Amma yanzu yana cire takalmi in zai kwanta, kuma kwanan baya ya bi ta hanyar nan da ya daɗe yana gudu, ya tsaya ya yi wa ƙaninsa addu'a. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gyara mana. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya.